Idon Haruna Juya-Baya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Haruna Juya-Baya makwancinsa a nan birnin Omdurman na ƙasar Sudan, amma har yau in na bi ta bayan filin ƙwallo sai na waiga inda tukubarsa take. Shagon gyaran waya ne a wurin yanzu, ba ƙamshi ba hayaƙi. Haruna taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun ranar suna aka ba ni izinin yi masa tsiya, kuma ban ga dalilin da mutuwa za ta karɓe mini wannan izini ba. Wanda ya ga na wuce gona da iri ya yi haƙuri. Da yana nan da ya rama har da gyara.

Mai kula da wannan shafi ya nemi in ba da tarihin kulob ɗin da Haruna ya mutu a kansa, tunda sun sake ɗaukar kofi bana. Bai yi sa'ar zaɓe ba. Garin nan manyan kulob biyu gare shi, ni ɗan ɗayan ne, kuma tun da na yi wayo sunan waɗancan bai taɓa fita daga bakina ba, balle in zauna in rubuta shi da hannuna. Mu kira su mutanen Haruna. Abin da ba zan musa ba shi ne sun tara kofuna har ɗakin ajiya ya yi musu kaɗan, sun kuma sa mu kwana da baƙin ciki shekaru da yawa. In ka tambaye su za su ce aikin 'yan wasa ne da masu horarwa. A danginmu kuwa an san wanda ya ci musu kofunan. Wani mai tsiren agashe ne da ya yi fiye da shekara talatin a jikin katangar filin bai leƙa ciki ba.

Abin ya samo asali ne tun muna ƙauye a yankin Jazira, iyayenmu na tsinkar auduga a gonakin mutane. Haruna yana ƙarami ya ga jakin maƙwabcinmu ya ce bai taɓa ganin jaki mai sheƙi irinsa ba, bai ce tubarkalla ba. Kashegari jakin ya kwanta bai tashi ba. Ba a jima ba ya yaba sabuwar randar uwarsa, randa ta tsage. Gwaggo Ladi, uwar tasa, ta zaunar da shi ta ce masa idonsa na da zafi, ya riƙa kawar da shi daga abin da yake so. Ni a sanina jakin ya girmi Haruna, randar kuma da tsagarta aka sayo ta don araha. Amma Larabawan da muke zaune da su su ma sun yarda da zafin ido kamar yadda muka yarda, sai ba a samu wanda zai yi gardama ba.

Mun shigo Omdurman 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ni na kama aikin mota har na zama direban bas, ina lodi a tashar Suk al-Shabi. Shi ya koyi agashe, wato tsiren nan namu da ake yanka nama fale-fale a turmusa shi cikin ƙuli-ƙuli da yaji, wanda har Larabawan garin ba sa saye sai a hannun Bahaushe. Sau ɗaya ya shiga kallon wasa a lokacin. Golan mutanensa ya yi wani tsalle ya cafke ƙwallo a sama, Haruna ya miƙe ya ce wannan ba mutum ba ne, shaho ne. Tubarkallar dai aka sake mantawa. Kafin a tafi hutu golan ya gwabza kai da turken raga aka fitar da shi a kwance, aka kuma lallasa su. Ina gefensa ina tsalle don murna, na juyo na ga Haruna ya rufe fuska da hula. A ƙofar fita ya rantse idonsa ba zai ƙara sauka a kan wannan fili ba.

Wani da ya yi irin wannan rantsuwa da sai ya yi nesa da wurin. Haruna sai ya kwaso tukubarsa ya kafa ta a jikin katangar filin, ya zauna ya ba katangar baya, fuskarsa na kallon titi. Nan ya samo sunansa. Da kunne yake bin wasa, kuma kada kowa ya ce muku ya iya. Sau da yawa ihun da ya ɗauka na cin ƙwallo ne, zagin alƙalin wasa ake yi. Ya taɓa yin rawa da wuƙa a hannu ashe su aka ci.

Abin haushi shi ne daga shekarar da ya juya baya mutanensa suka fara hawa. Suka ci kofin gari, suka ci na ƙasa, aka zo wasu shekaru da suke ɗauka a jere kamar gadon ubansu. Ƙungiyoyi suka riƙa zuwa daga wasu ƙasashe suna komawa da kunya. Kowace nasara Haruna ya karɓe ta a matsayin ladan aikinsa, kuma yana da hanyar yin godiya: ranar da aka ɗauki kofi, duk naman da ke kan tukuba sadaka ne. Saboda haka in kana son tarihin wannan kulob, ba sai ka je ofishinsu ba, ka tambayi matarsa Hajja Asha. Za ta gaya maka shekarar da suka doke mu a wasan ƙarshe ita ce shekarar da ɗakinta na unguwar Dar Salam ya yi damina ba rufi. Shekarar da suka kai nesa a gasar Afirka ita ce ta sayar da akuyarta. Ban taɓa ganin macen da ba ta san adadin 'yan wasa a fili ba amma take ƙin kulob kamar Hajja Asha. Mu biyu mun shaƙu a kan wannan.

Ba wai ba a cin su ba. Ana ci, mu ma mun sha ba su kashi. Sai dai Haruna bai taɓa yarda sun faɗi da kansu ba. Duk ranar da aka doke su sai ya bincika ya gano inda idonsa ya yi ɓarna. Wata rana motarsu ce ta gifta ya ga bayanta. Wata rana hoton ɗan wasa ne a jikin jaridar da ya naɗe nama da ita. Daga nan ya ɗora wa 'yarsa Maryama aikin tsince shafin wasanni daga tsofaffin jaridun kafin su iso hannunsa. 'Yan wasan da kansu suna zuwa sayen agashe, ya sallame su kansa a sunkuye, har ya taɓa korar kyaftin ɗinsu yana zaton wani ɗan unguwa ne mai yawan ɗanɗano. Da talabijin ya shigo gari hankalinsa ya tashi, ya je ya tambayi wani malami ko ido na iya bi ta waya ya isa fili. Malamin ya ce bai ga wannan mas'ala a littafi ba, amma kauce wa shubuha ya fi. Daga baya muka ji malamin ma nasu ne.

Ni kuwa na yi abin da ya wajaba a kan taubashi kuma abokin gaba. Na taɓa cire madubin bas ɗina na riƙe masa a gaba daidai lokacin da aka buɗe ƙofar filin. Na taɓa gayyatarsa walimar suna a gidan da na san an kunna wasa a tsakar gida. Ya shigo ya ji muryar mai sharhi, ya runtse ido ya juya, ya fita da lalube har ya taka kwanon miya. Ba na nadama ko kaɗan. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne ko sau ɗaya ban yi nasara ba.

Nakan tambayi kaina yadda zai yi da wannan zamani. Yanzu kowane mai shayi da allonsa, kowane fasinja da wasa a tafin hannu, fuskokin 'yan wasa a jikin allunan talla tun daga gada har kasuwa. Haruna ba zai iya tsallaka titi ba sai da ɗan jagora. Na kuma tabbata da ya ji an kawo na'urar da alƙali ke komawa ya sake kallon abin da ya wuce, da ya ce ga shi nan, ido ɗaya bai ishe su ɓarna ba sai an ƙara.

Akwai ɓangaren da ba a dariya a kansa, kuma mun daɗe ba mu lura ba. Abin da Gwaggo Ladi ta ce masa shi ne ya kawar da idonsa daga abin da yake so, shi kuwa ba ƙwallo kaɗai yake so ba. Haruna bai taɓa tsayawa ya kalli 'ya'yansa ido cikin ido ba. In Maryama ta yi kwalliyar Sallah ta zo gaishe shi, sai ya kalli takalminta ya ce wa ya saya mata wannan tsumman. Ranar da ta fi kowa a makaranta cewa ya yi malaman ne ba su iya lissafi ba. Mu manya mun san tsoro ne. Ita yarinya ce, ta tashi tana ganin ubanta ya fi son katanga a kanta. Ta taɓa gaya mini haka a cikin bas ɗina tana budurwa, ni kuwa sai na kama faɗa da kwandasta.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani. Ya fara da ba mutane yaji a madadin gishiri, ya kai har ba ya bambanta rana da inuwa. Maryama, wadda ta yi aure a unguwar Mayo a lokacin, ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma in aka bar shi ya daɗe zai kai inda ba gyara. Muna jiran mu ga Haruna ya damu, sai muka ga yana murmushi. A hanyar gida ya kama hannuna.

"Taubashi, halas, shi ke nan," ya ce. "Wuta ta mutu. Juma'a mai zuwa ka kai ni istad, har cikin filin."

Ya ƙi aikin ƙememe. Hujjarsa ita ce Allah ya ɗauke masa makamin da ke cutar da mutanensa, yanzu yana iya zama a tsakiyarsu ba tare da ya kashe kowa ba, don me zai je a wasa masa wuƙa? Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka turo dattawa. Ya ce a bar shi ya ci kakar wasa ɗaya a ciki. Da aka matsa ya ce biyu.

Haka ni Abakar, wanda bai taɓa taka ɓangarensu ba, na zama ɗan jagoransa kuma idonsa. Ina zaune cikin maƙiya, sun san ni na san su, ina ba shi labarin wasa a kunne. Na yi iya ƙoƙarina. In ɗan wasansu ya yanke mutum uku sai in ce santsi ne ya ɗebe su. In sun ci sai in ce satar gida ce alƙali bai gani ba. Yakan dungure ni da sanda ya ce in ji tsoron Allah. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokaci ba. Yana shaƙar ƙurar wurin kamar turare, yana rera waƙoƙin da ya haddace ta bayan katanga, wasu ma ashe ba daidai ya ji su ba. Mutanensa kuwa, don sharri, suka ƙi faɗuwa. Kowane mako sai su ci, kowane mako sai ya ƙara tabbata, idon kuma yana ƙara tafiya.

Wata safiya Hajja Asha da Maryama suka same ni a tasha. Maryama ce ta yi magana. Ta ce likita ya ce lokaci na ƙurewa, kuma ta yi tunani ta ga abu ɗaya ne zai karya wannan magana. Duk faɗuwar da aka yi a baya ubanta ya sami inda ya ɗora wa idonsa. In aka ci su yanzu, yana zaune a ciki ba ya ganin ko tafin hannunsa, ba shi da wurin ɗorawa. Wasan da ke tafe kuwa da mu ne.

"Baba Abakar," ta ce, "ku dai ku yi wani abin kirki sau ɗaya."

Na ji zafin maganar amma ban iya musu ba, don a shekarar ko 'yan makaranta sai su ba mu wahala. Ranar wasan duk gidan Haruna namu ne a ɓoye. Hajja Asha ta yi sadakar waina, ta ce wa maƙwabta ta neman lafiya ce, ba ta kuwa yi ƙarya ba.

Ba zan ce mun yi wasa ba. Sun danne mu tun daga farko har na daina ba shi labari don ba abin da zan murɗe. Suka buga turke, suka buga golanmu a fuska, ƙwallo dai ta ƙi shiga. Ana dab da tashi wani ɗan bayanmu ya ɗirka ta gaba don kawai ya huta, ta bugi ƙafar wani ɗan wasansu, ta gangara a hankali ta shige raga. Ɓangarenmu ya kece da ihu, inda muke zaune ya yi tsit. Shekara da shekaru ina jiran in zauna kusa da Haruna a irin wannan lokaci, na tanadi maganganu buhu-buhu. Ko ɗaya ban iya fitarwa ba.

Muka fito muka iso daidai tsohon wurin tukubarsa. Nan ya tsaya ya dafa katangar.

"Taubashi, yau ban ga komai ba."

"Na sani."

"Ko motarsu ban gani ba. Ko jarida." Ya shafa katangar. "Ashe suna iya faɗuwa da kansu."

Na ɗauka haushin wasan ne, ashe ba shi ba ne. Abin da ya dame shi shi ne in suna faɗuwa ba da shi ba, to cin ma ba da shi suke yi ba. Shekara talatin da wani abu yana gadin mutanen da ba su san yana yi ba. Tausayinsa ya kama ni har na ce masa wataƙila idona ne, tunda ni ma ina wurin. Ya ce idona ko ƙuda ba zai kashe ba, in da yana da zafi da tuni na ƙone su. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da muka isa gida ya kira Maryama ya ce ta gaya wa likitanta ya wasa kayan aikinsa.

Ina ɗakin ranar da aka cire masa bandeji. Ya ƙifta ido, ya kalli silin, ya kalle ni ya ce ashe munin nawa ƙaruwa ya yi. Sai Maryama ta matso da kofin ruwa. Na ga kansa ya fara sunkuyawa zuwa takalminta yadda ya saba, sai ya tsaya a hanya, ya ɗago. Ya kalle ta ya daɗe, har ta rasa inda za ta sa kanta, mace mai 'ya'ya uku.

"Tubarkalla," ya ce. "Ashe haka kike da kyau, Maryama."

"Yaba, sha ruwanka," ta ce, yadda ta saba kiran uban, ta tura masa kofin har ruwan ya zuba masa a riga.

Hajja Asha ta ce duk da haka mako guda ya yi yana aike Mayo a dubo masa ko yarinyar na nan lafiya. Lafiyarta ƙalau. Har yau ma ko mura ba ta cika yi ba.

Ya yi 'yan shekaru yana gani kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ya kalli mutanensa da ido biyu. Ranar farko bai ji daɗi ba. Ya ce filin ya yi ƙanƙanta, 'yan wasan kuma yara ne sa'o'in jikokinsa, shi da yake zaton ƙattai ne. Ya zama mai sukar su fiye da ni, yana cewa na bayan katanga sun fi waɗannan iya wasa. Sun ɗauki kofi yana kallo, ya sa aka raba nama kamar kullum. Abu ɗaya ne bai iya bari ba: in aka ba su fenariti sai ya miƙe ya juya baya. In na yi masa tsiya sai ya ce ai ya san ba idonsa ba ne, amma me ya rage shi.

Yau in ka shiga wancan ɓangare za ka ga wasu samari suna juya baya in an zo fenariti. Na tambayi ɗaya ya ce mini tsohuwar al'adar kulob ce. Ban gyara masa ba. Ni dai a irin wannan lokaci nakan ware idanuna a kan mai bugawa, in yabe shi da ƙarfi ba tubarkalla, ƙwallo kuma ta shige abinta. Haruna ya yi gaskiya a kan idona.

Makon jiya na je Mayo gaishe da Maryama, na gaya mata zan yi wannan rubutu. Na tambaye ta, cikin duk nasarorin kulob ɗin ubanta, wacce take so in ambata. Tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce kofunansu duk a waje suka tsaya, abin da ya shigo gidansu kawai shi ne ranar da aka ci su. To ga tarihin da aka nema, a bakin wanda bai so bayarwa ba. Su suna da ɗaki cike da kofuna, ban hana su ba. Mu muna da ƙwallo ɗaya da ta shiga bisa kuskure, ta sa Haruna ya ɗaga kai ya kalli 'yarsa, kuma ko duk ɗakin za su ba ni ba zan yi musaya ba. Allah ya jiƙanka, taubashi, ya sa ka a inda za ka kalli duk abin da kake so ba tare da fargaba ba.